Waken Lefe

"Ke ce. Wallahi ke ce, kuma yau Allah ya tona asirinki."

Sakinatu ta ɗago kai daga littafin da take bita.

Luba ce tsaye a kanta, mayafi a karkace, ido jawur, tana haki kamar wadda kare ya biyo. Safiyar Asabar ce, rana ba ta gama leƙowa ba, sanyi na ratsa ƙashi. Sakinatu na zaune a kan saiwar darbejiyar bakin hanya, tana jiran motar Mati da za ta kai ta Kunci, daga can ta kama ta Kano. Yau ce jarrabawarta ta ƙarshen zango.

"Luba... lafiya? Me na yi?"

"Au, tambayata ma kike yi? Dambun da kika aika gidan su Yaya Muntaka jiya, me kika barbaɗa a ciki?"

"Zogale ne da ƙuli, sai ɗan..."

"Inna Hure na can kwance ba ta san wanda ke kanta ba. Huseina tun asuba take amai. Su biyu suka ci, su biyu suka kwanta. Tashi ki je ki ga aikinki, ma'aikaciyar lafiya."

Littafin ya sulale daga cinyarta ya kifa a ƙasa.

Abu biyu ne suka daki zuciyarta a lokaci guda. Na farko, Inna na bakin mutuwa. Na biyu kuwa ita kanta ta ji kunyar tuna shi a irin wannan lokaci.

Inna ta ci.

Kwanon samirar da take aika mata abinci a ciki ya sha zuwa gidan, ya sha dawowa yadda ya tafi, ko murfinsa ba a ɗaga ba. Ashe jiya an buɗe shi.

Sai hannuwanta suka soma rawa.

Wannan rawar hannu ita ta kawo ta Unguwar Ɗantani. A da Sakinatu nas ce a sashen gaggawa na wani babban asibiti a birni. Shekarun sun zo da tsanani, abinci ya yi tsada, abokan aikinta suna ta ficewa ƙasashen waje ɗaya bayan ɗaya, har ya zama ita kaɗai ake bar wa ɗaki cike da marasa lafiya. Wata rana aka kawo wata yarinya sa'arta, jini ya ƙare mata. Sakinatu na laluben jijiya, tana lalube, tana lalube, rai ya yi halinsa. Likitoci sun ce babu wanda zai iya cetonta. Ta ji da kunnenta, amma hannuwanta ba su ji ba. Tun daga ranar, in ta ga mutum kwance yana neman numfashi, sai su kama kyarma kamar ganye.

Ta nemi aiki a ɗakin shan magani na wata makarantar kwana, ba gurbi. Ta leƙa asibitocin kuɗi, ta tarar can ma kwana ake yi a tsaye. Daga ƙarshe ta roƙi a mayar da ita ƙaramin asibitin ƙauyen gwaggonta, Gwaggo Asiya. Ƙawayenta suka yi ta dariya.

"Kowa na neman Saudiyya, ke kina neman bayan Kunci?"

Ita kuwa ta san abin da take nema. Awon ciki, rigakafin yara, maganin zazzaɓi, a tashi bayan azahar. Juma'a da Asabar ta shiga Kano karatun digiri a fannin lafiyar al'umma, wanda zai kai ta ofis wata rana, inda babu jini, babu gudu, babu mai mutuwa a hannunta.

Ba ta sa soyayya a lissafi ba.

Muntaka manomi ne, dogo, mai yawan murmushi da ƙarancin magana. Ƙanwarsa Huseina ya kawo a ɗaure mata ƙafa, ya dawo washegari wai tambayar yadda ake shan magani, ya kuma dawowa wai ya manta. Zancensu ma ba irin na kowa ba ne. Da la'asar yakan zauna a zauren Gwaggo Asiya, ya karɓi littafinta, yana karanto mata tambayoyi da Turancinsa na sakandare, tana amsawa tana gyara masa.

"Malamata, tambaya ta gaba..."

"Ni ba malamarka ba ce."

"To likitata."

"Ba likita ba ce ni."

"To tawa dai. Wannan ma za ki musa?"

Sai ta rufe fuska da mayafi.

Amma mahaifiyarsa, Inna Hure, ta ce ba da ita ba. Mace mai kwana da littafi, mai taɓa jikin mazan mutane, 'yar birni da za ta gama karatu ta kaɗe zaninta ta bar mata ɗa da ciwon zuciya? Ga Luba, 'yar ƙanin mahaifinsa, tuwona maina. Luba kuwa ba ta zauna ba. Ita ta bi gidajen biki tana rarraba labarin cewa korar nas ɗin aka yi daga birni, wai mutum ta kashe.

Ƙarar hon ta dawo da Sakinatu hayyacinta. Motar Mati ce ta tsaya a gabanta.

"Malama nas, shigo mu wuce, kar rana ta yi mana."

Ta dubi motar. Ta dubi hanyar cikin gari. In ta shiga, kafin hantsi tana Kano, tana zaune a kan benci da biro a hannu, inda babu mai nuna ta da yatsa. In ta bi Luba kuwa, Allah kaɗai ya san abin da ke jiranta.

"Gudu za ki yi, ko?" in ji Luba. "Dama kin saba."

Sakinatu ta sunkuya ta ɗauki littafinta, ta kaɗe masa ƙasa.

"Malam Mati, don Allah ka juyo da motar. Ka jira ni a ƙofar gidan su Muntaka."

Ƙofar gidan cike take da mutane. Tana dosowa magana ta ɗauke. Ta ji idanu a jikinta kamar ƙaya. Wata tsohuwa ta tofar da yawu gefe, wani yaro ya ja ƙaninsa baya.

A bakin zaure Baffa Sabo ne tsaye, mahaifin Luba, babban gidan tun rasuwar mahaifin Muntaka.

"Ina kwana, Baffa," ta ce, ta durƙusa.

"Da ban kwana ba kya gan ni? Ina za ki?"

"Inna zan duba."

"Wanda kika yi bai isa ba?"

"Baffa, tukunya ɗaya muka ci ni da Gwaggo. Ga ni, ga ta can tana shara."

"Tukunya ɗaya, kwano daban," in ji Luba daga baya. "Wa ya fi nas sanin magunguna?"

Aka yi guna-guni.

Sai ga Muntaka ya fito daga cikin gida. Ba hula, riga a birkice, idanunsa sun kumbura. Bai taɓa bari ta ga hawayensa ba sai yau.

"Sakina..."

"Muntaka, wallahi tallahi ban..."

"Kar ki rantse min. In kika rantse, kin nuna na tambaye ki ke nan."

Ya juya ga baffansa, ya durƙusa har ƙasa.

"Baffa, ka gafarce ni. Mun ba su manja, mun ba su nono, mun yi turare, abin gaba yake yi. Ka bar ta ta shiga. In wani abu ya sami Inna a hannunta, ka ce ni ne."

Baffa Sabo ya dube shi. Sa'annan ya matsa gefe kaɗan, gwargwadon inda mutum ɗaya zai wuce.

"Ina tsaye a kanki," ya ce.

Ɗakin Inna duhu ne. An toshe taga da tsummoki saboda sanyi, an saki labulen ƙofa, ga kaskon garwashi na hayaƙin turare. Mata sun cika ɗakin, kowa na salati ƙasa-ƙasa. A kan gado Inna Hure ce kwance, an lulluɓe ta da barguna, ƙirjinta na hawa da sauka da sauri. Huseina na kan tabarma, ta naɗe kamar jaririya, tana nishi.

Irin wannan numfashin ne. Shi ne dai wanda ta gudo ta bari a birni.

Sakinatu ta durƙusa ta kama wuyan hannun Inna. Ba ta iya jin bugun jinin ba, don nata yatsun sun fi shi motsi.

Inna ta buɗe ido da ƙyar. Ta gan ta. Ta juyar da fuska bango.

Da an mare ta da ya fi mata sauƙi.

"Kun gani ko?" in ji Luba. "Ko kallonta ba ta son yi."

Sakinatu ta sunkuyar da kai don kar a ga hawayenta. A nan idonta ya sauka ƙarƙashin gado.

Kazar Inna mai kwanci tana cikin kaskonta, wuya a lanƙwashe, ta mutu a kan ƙwanta.

Kusa da ita kyankyasai ne birjik, duk sun yi rigingine.

A gindin bango kuma ga tsaka ta faɗo, ta bushe.

Kaza za ta iya tsattsagar ragowar dambu. Kyankyaso ma haka. Amma tsaka? Me ya haɗa tsaka da dambu?

"Wash, kaina," in ji wata dattijuwa da ke zaune bakin gadon tun asuba. "Kamar ana sara min gatari."

"Iya, kin ci dambun?" Sakinatu ta tambaya.

"Ni? Allah ya tsare ni."

Ta ja numfashi a hankali. A ƙarƙashin ƙamshin turaren akwai wani wari, kamar tafarnuwa, kamar kifin da ya kwana.

Sai ta ji muryar Muntaka a kunnenta, ba ta yau ba, ta wata la'asar a zauren Gwaggo. Yana karanto mata babin magungunan adana hatsi, yana tuntuɓe a kan dogon sunan, har ya ga hoton ya kwashe da dariya. "Wannan ai bom ne, Malamata. Ƙwayar da muke jefa wa wake don ƙwari. Wannan tambayar ni zan ci ta, ba ke ba." Ita kuma ta karanta masa layin da ke ƙasa: ƙwayar takan zama iska, iskar ba ta san ƙwaro ba, ba ta san mutum ba.

Ta miƙe. Akwai wani labule a ƙuryar ɗakin, daf da kan gadon. Ta nufe shi.

"Ina kuma za ki?" in ji Baffa Sabo.

Ta yaye labulen.

Buhuna ne jibge, tun daga ƙasa har kusa da rufi.

"Muntaka... mene ne wannan?"

"Wake ne. Shekaranjiya muka shigo da shi. An fasa rumbun maƙwabta an kwashe kaf, shi ne Inna ta ce..."

"Ka sa masa bom?"

Ya gyaɗa kai.

"Ku fitar da Inna da Huseina waje!"

Ita kanta ba ta san tana da irin wannan muryar ba.

"Waje? A wannan sanyin?" in ji dattijuwar. "So kike iska ta ƙarasa su?"

"Iya, iskar da ke kashe su tana cikin ɗakin nan. Ita ce ke sara miki kai. Ku dubi kazar nan, ku dubi tsakar can. Don girman Allah kowa ya fita, a cire tsumman tagar. Baffa, kama min ƙafafunta."

Baffa Sabo ya dubi tsakar. Ya dubi buhunan. Manomi ne, ya san warin, turare ne ya ɓoye masa shi. Ya tattare babbar rigarsa ya kama ƙafafun matar yayansa.

Aka shimfiɗe su a tsakar gida, inda rana ta fara sauka. Sakinatu ta yaye bargunan, ta jingina Inna a jikin turmi don numfashi ya samu hanya.

Muntaka ya zube a gefe, ya dafe kai.

"Ni na saka. Da hannuna na jefa ƙwayoyin. Buhu mai leda biyu, wanda iska ba ta fita, ya gagare ni saye bana, na ce wannan ma ya isa... Sakina, ni na kashe uwata."

"Ba ta mutu ba. Tashi."

"Ni ne..."

"Muntaka, in za ka yi kuka ka bari sai mun dawo, zan taya ka. Yanzu ɗauko Huseina."

A motar Mati suka biya ta ƙaramin asibitin, ta buɗe da makullinta, ta kwaso ledojin ƙarin ruwa da allurai. Na Huseina bai ba ta wahala ba, yarinya ce, jijiyarta a fili. Ta dawo kan Inna a kujerar baya.

Hannun Inna sanyi ƙalau. Jijiyoyin duk sun ɓuya.

Ta ɗaure damtsen, ta bubbuga, ta laluba.

Babu.

Ta soka, ta kuskure.

Fuskar waccan yarinyar ta birni ta taso mata. Allurar ta shiga rawa a tsakanin yatsunta har Mati ya kawar da kai.

"Ba zan iya ba," ta ce. "Muntaka, ba zan iya ba. Haka aka yi wancan karon. Haka ɗin nan..."

Ya durƙusa a bakin ƙofar motar. Ya share fuska da hannun riga, ya gyara murya irin yadda yakan yi a zaure.

"Malamata. Tambaya ta gaba."

"Ka bari, don Allah..."

"In jijiyar bayan hannu ta ɓuya, ina ake nema?"

Ta haɗiye kuka.

"Gwiwar hannu. Ta ciki."

"In an samu fa?"

"A ja fatar... a kwantar da allurar... a shiga a hankali."

"To ni ban gane ba. Nuna min, abar ƙaunata."

Hannun bai daina rawa ba. Da rawar tasa ta ja fatar, da ita ta kwantar da allurar, ta yi bismilla ta shiga.

Ɗigon jini ya leƙo a gindin allurar.

"Alhamdu lillahi," in ji Mati, ya tayar da mota tun ba a ce masa ba.

Hanyar ta yi mata tsawo kamar ba za ta ƙare ba. Gilasai a sauke, iska na dukan fuskokinsu, ita ta ɗaga ledar ruwa da hannu ɗaya, ɗayan na kan wuyan hannun Inna. Gonaki na wucewa, an girbe dawa an bar karare a tsaye. Duk ramin da motar ta faɗa sai ta ji kamar bugun ya tsaya, sai ya dawo, siriri kamar zare. Bakinta bai huta da addu'a ba.

Da suka shiga birni rana ta take. Suka wuce ta mahaɗar da ke kaiwa makarantarsu. A can yanzu 'yan ajinsu sun sunkuya a kan takardu. Ta bi hanyar da kallo har ta ɓace.

Muntaka ya waiwayo daga gaba.

"Jarrabawarki..."

"Dubi gabanka."

Sai ga ƙofar sashen gaggawar da ta yi rantsuwa ba za ta sake shiga ba. Warin maganin wanke ƙasa, kukan mata, ƙarar gadon turawa, komai na nan yadda ta bar shi. Ƙafarta ta tsaya a bakin dokin ƙofa.

"Sakinatu? Ke nake gani?"

Sista Tabita ce, tsohuwar shugabarta, ta ƙara furfura.

"Kin dawo mana ne?"

"Ban dawo ba, Sista. Uwata na kawo. Iskar maganin wake suka shaƙa ita da ƙanwata, kwana suka yi da buhunan. A taimake ni da iskar numfashi."

Ta faɗa ne ba tare da tunani ba. Ba ta lura idon Inna a buɗe yake ba.

Huseina ta farfaɗo da wuri, har ta fara neman shayi. Inna kuwa sai da aka yi kwanaki ana fama. Likita ya ce zuciyarta ta jigata, sai dai a jira ikon Allah. Sakinatu ba ta koma gida ba. Ita ke juya ta, ita ke goge mata jiki, ita ke zaune tana kallon ƙirjinta, tana tsoron ƙiftawa. Inna ba ta ce mata komai ba, amma ta daina juyar da fuska.

Baffa Sabo ya zo dubiya da Luba a bayansa, riƙe da fulas ɗin kunu. Ya tsaya a gaban Sakinatu yana murza hula.

"'Yata, babba ba ya rasa kuskure. Ki yafe mana."

"Ba komai, Baffa. Tsoro ne, ni ma na san shi."

Luba ta ajiye fulas ɗin, idonta a ƙasa.

"Na ɗauka da gaske ke ce," ta ce can ƙasan maƙoshi.

"Na dambun na yarda. Na gidajen biki fa?"

Luba ta juya baya. Ta ja mayafi ta fita, ba a sake jin bakinta a kan zancen ba.

Ranar da aka cire wa Inna robar hanci, Sista Tabita ta ja Sakinatu gefe.

"Na ga inda kika sa allurar nan, a cikin mota kuma. Hannunki ya warke. Ki dawo, muna bukatarki."

Sakinatu ta dubi hannuwanta.

"Bai warke ba, Sista. Na dai gane zai iya aiki a haka. Amma ba kullum ba. In na dawo nan zan ƙare, karatun ma ya ƙare. Can kuma gidaje nawa ne ke kwana da buhu a ɗaki bana? Wani ya kamata ya bi su ya faɗa musu."

Ta koma bakin gadon. Muntaka ya fita sallar la'asar. Inna na jingine da filo, tana kallonta.

"Ke."

"Na'am, Inna."

"Wa kika ce wa matar can ni ce?"

Sakinatu ta ji kunya ta rufe ta.

"Ki gafarce ni, Inna. Bakina ne ya suɓuce."

"Hm. An ce kin rasa jarrabawa."

"Sai baɗi in Allah ya kai mu. Zan maimaita darasin."

"Saboda tsohuwar da ke mayar miki da kwano."

Sakinatu ta gyara mata filo.

"Kin san waken nan na mene ne?"

"Na sani, Inna."

Waken lefenta ne. Muntaka ya faɗa mata tun da damina, ya ce zai ajiye shi har ya yi daraja, ko da Inna za ta sauko wata rana.

"Ni ma na sani," in ji Inna. "Tun yana fure a gona na sani. Da aka fasa rumbun maƙwabta, ni na ce ya kawo shi ɗakina. Na ce ɓarawon da zai ɗauki waken nan sai ya tsallake gawata." Ta yi tari, ta ɗan murmusa. "Saura ƙiris ya samu gawar da zai tsallake."

"Inna..."

"Kina tsammanin zan kwana gadin abin da ba na so a ci amfaninsa? Baki ne dai ya riga ya furta, mayar da shi kuma da nauyi. Da ciwon ya kama ni, aka ce ke ce, na ce shi ke nan, ranar da na sauko ranar aka kashe ni. Allah ya yafe min wannan zato."

Hawaye suka ɓalle wa Sakinatu. Ta kifa kanta a gefen gadon. Ta ji tafin hannu mai kaushi ya sauka a kan ɗankwalinta, ya zauna.

"Dambun ya yi daɗi. Gishiri ne dai ya ɗan yi kaɗan."

Ta yi dariya cikin kuka.

"Karatun kuma ki gama shi a huta. Ba za a yi min waƙa a gari a ce suruka ta faɗi jarrabawa a kaina ba."

Muntaka ya dawo ya same su a haka. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya kasa shigowa, ya kasa komawa.

"Kai kuma mai bom," in ji Inna, "in mun koma ka fitar min da buhunan nan, ka shanya su su sha iska yadda ta ce. Sa'annan ka je ka gaya wa Baffanka ya nemi goro."

Bayan sallah ƙarama aka ɗaura aure. Ba a yi wani taron a zo a gani ba, shekarar ba ta bar wa kowa wannan ba. Sakinatu na nan a ƙaramin asibitinta, awo da rigakafi, ta tashi bayan azahar. Ranar Juma'a mijinta ke kai ta Kunci a babur, littafi a jaka, yana jefo mata tambayoyi ta kafaɗa. Har yanzu in aka kawo mai neman numfashi gabanta na faɗuwa, hannunta na rawa. Takan bar shi ya yi rawarsa, ta ci gaba da aiki.

Amma abin da ba ta mantawa ya faru ne tun kafin biki, kwanaki kaɗan da sallamo su. Tana zaune a tsakar gidan Gwaggo Asiya tana bita, sai ga Huseina da sallama, ɗauke da kwanon samirar nan a ka.

Gabanta ya faɗi, don ta saba da dawowarsa.

"Inna ta ce a kawo miki kwanonki, Anti."

Ta karɓa. Da nauyi, kuma da ɗumi.

Ta ɗaga murfin a hankali.

Alala ce, tana tururi, an yanka ta an zuba mata mai da yaji.

"Ta ce daga buhun sama ta ɗiba," in ji Huseina. "Wai ki ci ki ji ko gishirin ya ji, don ki koya."